Bitamin D da Rashin Barci: Abin Dubawa Daga Gagarawa Tasha

Wanda ya taɓa wuni a Gagarawa Tasha cikin watan Afrilu zai yi mamakin jin cewa ana iya samun ƙarancin bitamin D a irin wannan wuri. Ai fatar mutum ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, sannan hanta da ƙoda su sarrafa shi ya zama mai aiki. Rana kuwa ba ta yi mana rowa ba. Duk da haka, nazarin da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2020 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin uku a Afirka yana da ƙarancinsa. Baƙar fata na buƙatar daɗewa a rana fiye da fara, hazon hunturu na rage hasken, gero da dawa kuma ba su ɗauke da shi. Sai a kifi mai mai, gwaiduwar ƙwai da hanta ake samunsa.

Alaƙarsa da barci tana da tushe. An gano wuraren da ke karɓar wannan sinadari a sassan ƙwaƙwalwa masu kula da barci da farkawa. A 2018 mujallar Nutrients ta tattara bincike 9 da suka shafi mutum fiye da 9,000, ta ga masu ƙarancinsa sun fi fuskantar gajeren barci, barci marar daɗi da gyangyaɗin rana.

Sai dai ganin abu biyu tare bai nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya ba, kuma a nan nake so a dakata. Da aka gwada ba mutane ƙwayar bitamin D, sakamako ya rabu: wani gwaji a Iran ya ga barci ya gyaru, wani a Tromso ta ƙasar Nowe bai ga canji ba. A ganina, rana ce ta haɗa ƙarancin bitamin D da rashin barci. Hasken safiya da ke shiga ido shi ke saita agogon jiki, ya tsayar da lokacin da sinadarin melatonin mai jawo barci zai zubo da dare. Tsohon da ciwo ya kwantar a ɗaka, ko matar da ke wuni a ɗaki ba ta zama a tsakar gida, sun rasa abu biyu lokaci guda: bitamin D da wannan saiti. Ƙwaya na iya cike na farko, amma ba ta taɓa na biyu.

Muna ma da darasi a gida. A 1999 Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa a Jos suka buga binciken da ya nuna cewa yaran da ƙasusuwan ƙafarsu suka lanƙwashe sun fi warkewa da kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai, saɓanin abin da aka saba gani a Ingila. Abin da ya tabbata a ƙasar sanyi ba lallai ya tabbata a nan ba.

Manomin riɗi a Gagarawa ko mai kora shanu zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da wuya a ce rana ta yi masa kaɗan. In ya ce "idona biyu har asuba," a fara tambayarsa zafin ɗakin kwano da bazara, sauro, shayi da goron dare, latsa waya, da tunanin bashi. Mace mai juna biyu da ƙafafu ke hana ta sukuni da dare, a duba jininta tukuna, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe sanannen dalili ne.

Abin da ke damuna shi ne sayen ƙwaya a kemis ba tare da gwaji ba. Bitamin D na taruwa a kitsen jiki. In ya yi yawa yana tara kalsiyam a jini, har ya kai ga tsakuwar ƙoda.

Ina kira ga masu bincike a Jami'ar Tarayya ta Dutse da likitocin Babban Asibitin Gumel su auna jinin mutanenmu, maza da mata, da hunturu da bazara, su kuma tambaye su yadda suke kwana. Kafin nan, a fito da tsofaffi da masu jego tsakar gida su sha hantsi.