Durlach: ƙaramin garin da ya koya wa Jamus kashe gobara

A garuruwan ƙasar Jamus, duk ranar da ƙungiyar masu kashe gobara ke bikin zagayowar shekarar kafuwarta, akan fito da tsofaffin motoci a jera su a dandali, an wanke su, an goge tagullarsu har tana ɗaukar ido. Yara su hau, dattawa su riƙa nuna wadda suka tuƙa a zamanin ƙuruciyarsu. Wanda ya ga wannan jeri zai iya zaton tarihin kashe gobara tarihin injuna ne kawai. Labarin Durlach, wani ƙaramin gari na yankin Baden a kudu maso yammacin Jamus, ya nuna cewa horon mutane ya riga ƙarfe zuwa, kuma shi ne ya ba ƙarfen daraja.

Durlach ta san wuta tun da daɗewa. Daga shekarar 1565 ita ce mazaunin sarakunan Baden-Durlach, har zuwa 1689 lokacin da sojojin Faransa suka banka mata wuta, gidaje kaɗan ne suka tsira. A 1715 sarki Karl Wilhelm ya kafa sabon birni mai suna Karlsruhe a tazarar kilomita kaɗan, fada ta koma can, Durlach ta zama garin masu sana'ar hannu da manoma, mai mutane ƴan dubbai.

A wancan zamani dokar gobara kusan iri ɗaya ce a ko'ina cikin Turai. Idan mai gadin hasumiya ya hango hayaƙi sai a kaɗa ƙararrawa, kowane magidanci ya fito da gugansa na fata, a yi layi daga rijiya ko rafi ana miƙa ruwa hannu da hannu. Akwai famfunan hannu, akwai ma tiyon fata, wanda Jan van der Heyden ya ƙirƙiro a birnin Amsterdam tun wajejen 1672. Abin da babu shi ne tsari. Taro kan yi yawa, umurni ya yi karo da umurni, famfon da ya daɗe a ajiye ya ƙi tashi. A watan Mayu na 1842 gobara ta yi kwana uku da ƴan kai tana cin birnin Hamburg, ta raba mutane kimanin 20,000 da gidajensu, duk da cewa birnin yana da famfuna masu yawa.

A cikin wannan shekara ta 1842 wani matashin maƙeri, Carl Metz, ya buɗe masana'antarsa a Heidelberg, ya shiga ƙera famfunan kashe wuta. Metz ba ya tsayawa ga sayar da kaya: yakan bi famfonsa zuwa garin da ya saya, ya nuna yadda ake aiki da shi, ya kuma shawarci hukuma da ta ware mutane na musamman da za su riƙa gwaji a kai a kai. A Durlach shawarar ta faɗa kunnen Christian Hengst, shugaban magina na gari. A watan Yuli na 1846, bayan garin ya sayi famfon Metz, Hengst ya tara samari kimanin 50 ya kafa runduna. Ya raba musu aiki, wasu ga hawan tsani, wasu ga bugun famfo, wasu ga jan tiyo, ya kuma ɗora musu atisaye irin na soja, kowane motsi da kalmar umurninsa.

Sunan da aka raɗa wa rundunar, Pompier-Corps, daga Faransanci aka aro shi. A Paris, bayan mummunar gobarar da ta tashi a wurin liyafar jakadan Ostiriya a 1810, Napoliyon ya kafa bataliyar soja ta masu kashe gobara a 1811, kuma tsarinta ya zama abin koyi. Daga wannan tushe ne kalmar pompiye ta iso bakin mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa. Durlach ba ita ce ta fara kafa ƙungiyar ƴan gari masu kashe wuta a Jamus ba, domin garin Meissen ya yi tasa tun 1841. Abin da ya fito da sunanta shi ne jarrabawar da ta same ta watanni bakwai da kafuwa.

Ranar 28 ga watan Fabrairu na 1847, da maraice, jama'a sun taru a gidan wasan kwaikwayo na fada a Karlsruhe. Kafin a soma wasa, wuta ta tashi daga wata fitilar gas, ta kama labule da katako, nan da nan hayaƙi ya turnuƙe benen sama inda masu ƙaramin ƙarfi ke zama, ƴan koyon sana'a da barorin gidaje. Hanyoyin fita ba su wadatar ba, wasu ƙofofin ma a kulle suke. Mutane fiye da 60 suka rasu, yawancinsu matasa. Da labari ya kai Durlach, Hengst da mutanensa suka janyo famfonsu da gudu har Karlsruhe. Gidan wasan ya riga ya fi ƙarfin ceto, amma suka tare wutar, suka hana ta tsallakawa zuwa gine-ginen da ke maƙwabtaka da shi. Waɗanda suka shaida daren sun ga bambanci da idonsu: ɗimbin jama'a na kai da komo cikin ruɗani, ga kuma ƴan tsirarun mutane da kowannensu ya san wurin tsayuwarsa.

Masu iya magana na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kwanaki kaɗan bayan masifar, mutanen Karlsruhe suka kafa tasu ƙungiya ta ƴan sa kai. Jaridu suka baza labarin, garuruwa suka riƙa neman sanin tsarin Durlach. A shekarar ce kuma kalmar Feuerwehr, wato rundunar tare wuta, ta bayyana a jarida, daga baya ta ture aron Faransanci. Yawancin sababbin rundunonin daga ƙungiyoyin motsa jiki na samari suka fito, domin su ne suka saba da igiya da tsani da bin umurni. Ɗaya daga cikin shugabanninsu, Conrad Dietrich Magirus na birnin Ulm, ya kira taron rundunoni goma a garin Plochingen a 1853, taron da ake ɗauka a matsayin mafarin tarayyar masu kashe gobara ta Jamus.

Sai bayan an sami horarrun mutane ne injuna suka bunƙasa, domin a lokacin an sami masu sanin abin da suke buƙata. Magirus, wanda shi kansa kwamandan runduna ne, ya kafa masana'anta a 1864. A 1872 ya fito da tsani mai ƙafafun taya biyu wanda ke tsayawa da kansa ba tare da an jingina shi da bango ba, a 1892 kuma ya ƙera tsani mai juyawa, mai tsawon mita 25, wanda dawaki ke ja. Bayan dawaki aka shiga zamanin tururi, sannan fetur, sannan gazuwal. Masana'antar Metz ta ƙaura zuwa Karlsruhe a farkon ƙarni na 20, ta yi suna wajen dogayen tsanuka da ake ɗorawa kan motocin Mercedes, har kamfanin Rosenbauer na Ostiriya ya saye ta a 1998. Motocin Magirus-Deutz masu kumburarren hanci na shekarun 1950, waɗanda iska ke sanyaya injinsu maimakon ruwa, su ne a yau masu sha'awar tsofaffin motoci ke ji da su.

Hatta launin fenti yana ba da shaida. A gidajen adana kayan tarihi, irin wanda ke garin Fulda, akan ga motar kashe gobara koriya a tsakiyar jajaye. Dalili shi ne, a ƙarshen shekarun 1930 gwamnatin Hitler ta sa aikin kashe gobara ƙarƙashin ƴan sanda, dokar 1938 ta raba ƙungiyoyin da ƴancin gudanar da kansu, aka kuma shafa wa motoci launin ƴan sanda. A wannan shekara ta 1938 aka haɗe Durlach da Karlsruhe, ta koma unguwa a cikin birnin da ta taɓa kai wa ɗauki. Bayan yaƙin duniya na biyu jan launi ya dawo, ƙungiyoyi suka sake tsayawa da ƙafafunsu. Rundunar Durlach tana nan har yau a matsayin reshe na ƴan sa kai na Karlsruhe.

Irin da Hengst ya shuka ya yi yaɗo. Jamus tana da ƙungiyoyin sa kai na kashe gobara fiye da 20,000, masu membobi kimanin miliyan ɗaya, alhali rundunonin birane masu karɓar albashi ba su wuce ɗari da ƴan kai ba. Malamin makaranta da mai gasa burodi da manomi su ne ke ajiye aikinsu idan ƙararrawa ta yi kira, kuma rassan matasa na koya wa yara aikin tun suna ƙanana. Tsohuwar motar da suke gogewa ranar biki kayan koyarwa ce: a jikinta yaro ke ganin yadda famfo ke zuƙo ruwa, a gefenta kuma yake jin sunayen waɗanda suka riga shi. Famfon da aka ja zuwa Karlsruhe a daren 1847 na hannu ne, ba shi da inji, ƙarfin damtse ke tafiyar da shi. Ya yi amfani ne saboda mutanen da ke riƙe da shi sun yi watanni suna gwaji tun babu hayaƙi, sun san ba a fafe gora ranar tafiya.