Koyarwa daga nesa a Nijar: daga talabijin zuwa wayar Gaya

Koyarwa daga nesa ta girmi intanet a Nijar. A 1964 aka kafa talabijin ta makaranta a Yamai. Darasi yana fitowa daga akwati da Faransanci, mai kula da aji kuwa sau da yawa takardar firamare kaɗai gare shi. Masana daga waje sun yi ta nazarin gwajin, amma bai game ƙasa ba, kuma a 1979 aka rufe shi.

A 1997 Bankin Duniya ya buɗe wata jami'a marar gini domin Afirka. Ta tauraron ɗan Adam take aiko darussan kimiyya da injiniyanci, kuma Jami'ar Abdou Moumouni ta shiga tsarin. Daga bisani wayar gilashi ta taso daga Kwatano, ta ƙetare kogin Kwara a Malanbil, ta ratsa Gaya zuwa Doso, inda aka kafa jami'a a 2014.

Abin lura shi ne, kowane zamani ya sake na'ura, bai sake harshe ba. Alhali taron Bamako na 1966 ya daidaita haruffan Hausa da Zabarmanci, kuma tun 1973 aka gwada karantarwa da Hausa a Damagaram. Makanikin Gaya da Dandanci ko Hausa yake horar da yaransa. Ya kamata masu kai bincike tarurrukan ilimi su fara tattara kalmominsa na injin da lantarki, domin da su za a gina darasin da zai fahimta.