Ƙwaryar Tuwo a Ƙasar Baƙunci: Ɗan Tarihin Ciyayyar Hausawa a Zango

Duk sa'ad da aka ɗauko tarihin tafiye-tafiyen Hausawa a aji, abin da muka fi ji shi ne goro da jakuna da madugai. Ba kasafai ake tambayar abin da waɗannan bayin Allah suke ci ba in rana ta faɗi, ko kuwa da wa suke ci. Ni kuwa a ganina a nan ne rabin tarihin yake, domin a bakin akushi ne baƙo yake fara zama ɗan gari. Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne in bi sawun wannan akushi, yamma da gabas.

Bari in fara da gida. A ƙauyukanmu na ƙasar Dutse da Kiyawa da Jahun akwai al'adar da ake kira ciyayya, watau bayan sallar magariba kowane magidanci a fito masa da tuwon gidansa ƙofar gida ko dandali, a jera kwanuka, a ci ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka yi wa miyar kuka lami ya ɗanɗani ta mai nama, wanda kuma ba a ɗora tukunya a gidansa ba ya ƙoshi ba tare da kowa ya gane ba. Hannu da yawa, in ji masu magana, maganin ƙazamar miya. Wannan al'ada ce fatake da alhazai suka ɗauka tare da guzurinsu na ƙuliƙuli da dakuwa da kilishi. Sai dai mai karatu ya lura, in ya je neman mutanen Dutse a littattafan tarihin zango ba zai same su da wannan suna ba. A wancan zamani Dutse da Birnin Kudu suna ƙarƙashin Sarkin Kano, Jihar Jigawa kuwa sai a 1991 aka kafa ta. Saboda haka kakanninmu a can Kanawa ake ce musu.

Ta yamma, fataucin goro ne ya kai mutanenmu Gwanja. Babbar kasuwar ita ce Salaga, har zuwa lokacin da yaƙin basasa na 1892 ya watsa ta, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete Karaci da Kumasi da Ankara. Ayari kan yi watanni a hanya, in ya iso kuma sai ya sauka a gidan fatoma. Fatoma shi ne mai masauki, shi ne dillali, shi ne kuma mai ciyarwa. Kada a ɗauka alheri ne zalla. Tuwon da yake ba baƙo wani ɓangare ne na jarinsa, don kuwa falken da ya ci tuwonka da wuya ya kai kayansa hannun wani. Irin wannan tsari Abner Cohen ya tarar a Sabon Ibadan, unguwar da aka kafa a 1916, ya kuma bayyana shi a littafinsa na 1969.

To, guzuri ƙarewa yake yi, dawa da gero kuma ba sa yin kyau a kurmi. Dole Bahaushe ya koyi cin sakwara da dokunu da ayaba, dole kuma matan zango su dafa abin da kasuwa ta ba su. Daga wannan dole ne aka sami abincin da yau Gana take alfahari da shi. Abin da suke rubutawa waakye ba kome ba ne illa wake da shinkafa, an gutsure sunan ya zama wake kawai, ana dafa shi da karan dafi don ya yi ja, a ci da yajinsu mai suna shito da garin rogo da taliya. Ga koko da ƙosai, wanda har yanzu a Ankara Hausa koko ake ce masa. Ga tuwon zafi, ga kuma tsire da suke kira cicinga. Abin sha'awa shi ne babu ɗaya daga cikinsu da ya zauna yadda ya bar gida. Mutumin Shuwarin in aka ajiye masa waakye zai gane sunan, amma sai ya yi tambaya kafin ya gane kwanon.

Duk da haka, a watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, mutanen zango da yawa suka tattara nasu ya nasu. Waakye bai bi su ba. Mu ma ba mu da bakin magana, tun da a 1983 gwamnatin Shagari ta yi wa 'yan Gana irin wannan kora.

Labarin gabas ya fi daɗewa a raina, watakila don hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa ta Shuwarin, a bakin ƙofarmu. Kafin jirgin sama, mai niyyar hajji ta ƙasa yakan bi ta Barno, ya ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan, har ya kai bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru, ana yi ana tsayawa ana noma ko ƙwadago. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka buɗe, sai masu wucewa da yawa suka yada zango na dindindin.

A nan ne ciyayya ta haɗu da 'yar'uwarta. Mutanen Sudan suna da al'adar fito da abinci waje, musamman da azumi: a shimfiɗa tabarmi a bakin hanya, kowane gida ya kawo faranti, a tare mai wucewa a tilasta masa ya sha ruwa. Wani dattijo a unguwarmu, wanda ya yi shekaru a can yana saurayi, ya taɓa gaya mini cewa abin da ya fara ba shi wuya shi ne kisra, wani abu mai kama da sinasir amma siriri kamar takarda, mai tsami, wanda ake yi da ƙullun dawa. Asida kuwa bai sha wuyarta ba, don tuwo ce, miyarta ma busasshiyar kuɓewa ce da suke kira weka. Sa'an nan ga ful, dafaffen babban wake da ake kwarara wa man riɗi a babban kwano, mutum biyar ko shida su sa hannu. Ya ce a irin wannan zama ya koyi Larabcin da bai koya a allo ba.

Su ma Hausawa ba hannu rabbana suka zauna a tabarmar ba. Agashe, naman da ake gasawa da garin ƙuli da yaji, ya zama abincin dare a Hartum da Madani da Gadarif, kowa kuma ya san sana'ar Hausawa ce. A Makka ma akwai gasasshen naman da ake kira siriya, wanda duk mai kunne ya ji sunan zai ji tsire a ciki. Dama can musayar ba ta hanya ɗaya take bi ba: alkubus da alkaki da gurasa da shayi, duk sunayensu sun nuna daga bakin Larabawa muka karɓe su, har muka manta baƙi ne.

Abin da ya fi damuna a wannan tarihi shi ne yadda ake karɓar abincin mutum a bar shi a waje. A Sudan har yanzu akwai masu kiran Hausawa da Fulani da Barebari da suna ɗaya, Fallata, sau da yawa da nufin cewa ba 'yan ƙasa ba ne. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a Jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a kan ƙasa da sarauta, bayan da Hausawa suka nemi a ba su masarautar gargajiya tasu aka hana. Mutane fiye da ɗari suka mutu a wannan wata, dubbai suka bar gidajensu, rikicin kuma ya sake tashi a Oktoba. Daga cikin waɗanda aka ce wa baƙi a lokacin, akwai waɗanda kakanninsu suka fi shekara ɗari suna noma a bakin wannan kogi.