Saƙon Homon da Cutar Kwalara

Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya yi gabas da jama'arsa, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar a Sudan. Ƙauyukan Hausawa na wannan yanki da na Jazira sun dogara ga kogi da magudanan ban ruwa, gurɓataccen ruwa kuwa shi ne hanyar kwalara. A 2019 cutar ta ɓulla a jihohin Shuɗin Nilu da Sinnar. Binciken da ya bayyana yadda take tsiyaye ruwan jiki ya faro ne daga homon.

Homon sinadari ne da wata gaɓa ke sakawa a jini don ya kai saƙo ga wata. Ernest Starling na Ingila ya raɗa masa suna a 1905. To, amma wasu, kamar adrenalin, ba sa shiga ƙwayar halitta. Ta yaya saƙon ke isa ciki?

A 1957, a Amurka, Earl Sutherland da Theodore Rall sun gano amsar a ƙwayoyin hanta. Homon yakan tsaya a zaure ne ya yi sallama, sai wani sinadari mai suna cAMP ya kai saƙon cikin gida. Sutherland ya sami kyautar Nobel a 1971. Daga baya Martin Rodbell da Alfred Gilman suka gano furotin G, watau makunnin da ke tsakanin zauren da cAMP, suka sami tasu kyautar a 1994.

Tun 1959 Sambhu Nath De na Kalkata ya nuna cewa ƙwayar kwalara dafi take fitarwa. A shekarun 1970 aka gane cewa dafin yana maƙale wannan makunni a kunne. Sai cAMP ya yi yawa, hanji ya yi ta zubar da gishiri da ruwa.

Sai dai dafin bai toshe ƙofar da sukari ke shiga tare da gishiri ba, ruwa kuma yakan bi su. Dalili ke nan da ruwan gishiri da sukari, wanda Dilip Mahalanabis ya ceci 'yan gudun hijirar Bangladesh da shi a 1971, yake ceton mai kwalara, a Indiya ne ko a bakin Nilu.