Dokar Farauta da Maharbin da Ba Ta San da Shi Ba

Dokokin da ke tsara farauta a yawancin jihohin arewacin Najeriya sun samo asali ne daga dokar kare namun daji da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1916, wadda gwamnatin Jihar Arewa ta maye gurbinta da Dokar Namun Daji ta 1963. Da aka yanka jihohi a 1967, sai suka gaje ta. Dokar ta kasa dabbobi gida-gida: akwai waɗanda aka haramta taɓawa, akwai waɗanda sai da izini. Matsalar ba ta cikin wannan rabo. Tana cikin irin mafaraucin da dokar ta hango, wato mutum guda mai bindiga da lasisi a aljihu, alhali farautar ƙasar Hausa sana'a ce mai shugabanci, kuma mafi yawanta a taron jama'a ake yi. Muddin dokokin jihohi ba su amince da wannan shugabanci suka ɗora masa alhaki ba, za su ci gaba da zama a takarda.

Nauyin kuwa na jihohi ne. Tsarin mulkin 1999 ya bai wa tarayya iko kan gandayen daji na ƙasa, su ma sai da yardar jihar da suke ciki, sannan dokar soja mai lamba 11 ta 1985 ta tsara cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa bisa yarjejeniyar CITES. Sauran daji yana hannun gwamnoni. Yankari ma, da aka keɓe a 1956 aka mayar gandun ƙasa a 1991, ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. To amma ma'aikacin gandu iyakarsa kan iyakar gandu, ita kuwa dabba ba ta san iyaka ba.

A wajen gandu, farauta iri biyu ce, kuma doka ta yi musu kuɗin goro. Akwai maharbi na gado, wanda kan ɗaura kan burtu a goshi, ya durƙusa yana rarrafe yana kwaikwayon kiwon tsuntsun har ya kusanci barewa ko gada. Harbi ɗaya, dabba ɗaya, kuma ya san sawu, ya san mai ciki. Akwai kuma farautar gayya ta rani, bayan an kawar da amfanin gona: samari cike da motoci, da karnuka da gora da adduna, a kewaye daji, sau da yawa a cinna masa wuta. Abin da ya tsere wa kare ba ya tsere wa wuta, daga zomo da gafiya har ƙwan zabi, ga ciyawar makiyaya da ke tafiya a banza, wanda shi kansa wani tushen rigima ne. Wannan ta biyun ita ce mai ɓarna, kuma ita ce lasisin mutum guda bai taɓa kamawa ba. Amma ba ta rasa jagora: kowa a gari ya san Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, ya san wanda ya sa ranar fita da dajin da za a shiga.

Mai suka zai ce wannan bai wa kura ajiyar nama ne. Sukar tana da ƙarfi, domin sarautar ba ta hana wasu masu riƙe da ita cin moriyar ɓarnar ba. Sai dai abin da ake nema rajista ce mai sharaɗi: a ba ƙungiya izini da sunan shugabanta, a rubuta mambobinta, a fayyace dajin da watannin, a rufe farauta da damina, kuma in aka sa wuta ko aka kashe haramtacciyar dabba, izinin ƙungiyar baki ɗaya ya faɗi. A yanzu shugaban ba ya asarar komai idan yaransa suka yi ta'adi.

Wasu kuma na ganin tsananta hukunci ya isa. An gwada: tarar Naira 1,000 ta dokar 1985 an ɗaga ta zuwa miliyoyi a gyaran 2016. Amma tara ba ta aiki sai an kama, kamu kuwa sai da shaida, kuma shaidar abin da ya faru a tsakiyar daji tana bakin mafarauta ne kawai.

Abin mamaki, hukuma ta riga ta san waɗannan ƙungiyoyi idan buƙatarta ta taso. Da mafarauta aka haɗa gwiwa wajen ƙwato Mubi daga Boko Haram a 2014, kuma jihohi da dama na aiki da su a sintirin dazuzzuka. Rashin takardar shaida da kowa zai amince da ita kuwa su ma yana cutar da su. A watan Maris na 2025, a Uromi ta Jihar Edo, an kashe matafiya 16, mafarauta 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida, bayan an ga bindigogin gargajiya a motarsu aka zarge su da garkuwa da mutane. Rajista ba za ta hana ɗaukar doka a hannu ba, amma za ta bai wa jami'in kan hanya abin da zai duba da ofishin da zai kira.