Yadda magoya bayan Kano Pillars ke auna 'yan wasa a gida

A filin wasa na Sani Abacha, da nasara kaɗai magoya bayan Kano Pillars ke auna ɗan wasa. Ƙungiyar, mallakar gwamnatin jihar Kano, ta lashe gasar Firimiyar Najeriya sau huɗu, ta kuma shafe shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar, kafin Nasarawa United ta karya lagonta a 2015. Shi ya sa daga majalisun birni har teburan masu shayi na Kunci ake ɗaukar canjaras a gida tamkar shan kaye. Idan sukar ta rikiɗe zuwa tarzoma kuwa, ƙungiyar ce ke ɗanɗana kuɗarta: a 2022 an zaftare mata maki, kuma a ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na biyu.