Daga Sifinja zuwa Land Cruiser: tarihin giya da laka a hanyoyinmu

'Yan uwa, tun da bikin cikar shekarar ƙungiya ya zagayo, bari mu waiwayi abin da ya daɗe yana cin ribar fatake a ƙasar Jazira da Blue Nile, wato lalacewar giyar mota.

Kakanninmu da ƙafa da jakai suka iso. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya zauna da jama'arsa a bakin kogi kusa da Sennar, garin ya ci sunansa. Da aka gama madatsar Sennar a 1925 aka buɗe noman auduga, kaya suka yi yawa, sai mota ta zama dole.

Ƙasar nan baƙar laka ce. Da rani ta tsage, da damina ta riƙe taya kamar danƙo. Motar da ta yi suna a kanta ita ce Bedford, wadda mutanen Sudan ke kira Sifinja. Makanikai sun ƙara mata ƙarfe da sifirin har ta riƙa ɗaukar fiye da abin da Ingila ta ƙera ta domin shi. Kulocinta yana ƙonewa, aksul yana karyewa, amma duk direba da yaronsa suna iya sauke giyar a gindin bishiya su mayar.

Land Cruiser samfurin 70, wadda ta fito a 1984, ta gaji wannan hali. A-kori-kurarta ce ake wa laƙabi da Thatcher, kuma sunan ya dace da taurin kanta.

Matsala ta canza kama da shigowar manyan jif masu giya otomatik, irin samfurin 200 na 2007. A kan kwalta ba a magana. Amma a loda mata buhunan riɗi ta kafe a laka tsakanin Damazin da Kurmuk, direba ya yi ta gaba da baya, man giya ya ɗau zafi ya ƙone. Daga nan sai ta fara fizga, ko ta yi jinkirin shiga giya. In ta tsallaka rafi kuma, ruwa kan shiga aksul ta ƙofar iska, mai ya koma kamar madara, haƙora su cinye a hankali. Wannan ba gyaran gindin bishiya ba ne, sai an nemi mai kwamfuta a Wad Madani ko Khartoum. A ganina yawancin masu saye ba su sa kuɗin jan mota a lissafi.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara tsananta abin. Wad Madani ta fita hannun soja a Disamban shekarar, ba ta dawo ba sai Janairun 2025. An kwashe motoci, gareji sun watse, kuma wanda ya tsira da tasa ya rasa inda zai sayi ko man giya na gaske.